Mai Gammo Ya Sauke Kaya

Hindawiyya, Jidda
9 ga Rajab, 1446

Zuwa ga ƙanena Na'ibi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sajida da yara da jikoki, da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka a can Haɗeja. Ya jikin naka? Ɗanka Nuraddeen ya ce mini ƙafar ta sake kumbura, kuma har yanzu sai ranar da ka ga dama kake shan magani. Allah ya ba ka lafiya, ya kuma rage maka taurin kai, ko da yake wannan na biyun na daɗe ina roƙa ban ga alama ba. Mu nan alhamdu lillahi. Zubaidatu, matar marigayi Abduljalil, ta fita takaba ranar Litinin da ta wuce, ta rame ƙwarai amma ta fara cin abinci. An sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, bayan zirga-zirgar da ka sani, gwiwoyi kuwa sai a hankali. Gidan ya yi mana faɗi tun da ƙanenmu Abduljalil ya rasu. Har yau in na ji tari a matakala sai in ɗaga kai kafin in tuna. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa waya yake dannawa. Dalili shi ne a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, tun kana yaro haka kake, ita kuwa takarda ba ka da yadda za ka katse ta. Hajiya Salamatou maƙwabciyarmu za ta bi ta Kano, ta yi alkawarin damƙa ta a hannun Nuraddeen. Maganar 'yarka Rahma ce, 'yar marigayi, da saƙon muryar da ka aiko mata a kan Mai Gammo.

Ba sai na tuna maka yadda aka haifi Mai Gammo ba, amma zan tuna maka, domin a saƙonka ka yi magana kamar ku biyu kaɗai kuka san shi. A saman benenmu na da ne, kai kana ƙago labari, Abduljalil yana zanawa a bayan takardun da yake tsintowa daga sito a tashar jiragen ruwa. Ɗan dako ne kamar Baba, mai sauke kayan alhazai, sai dai gammonsa da mayafin uwarsa aka naɗe shi, in ya ɗora shi a ka har jirgin ruwa yana iya ɗagawa. Kun kafa masa doka biyu, kuka rubuta a cikin bangon kowane littafi: ba ya sauke gammo, kuma kowane labari sai ya ƙare yana kallon teku yana cewa bana sai gida. Maganar Baba ce kuka sa masa a baki. Littafi talatin da ɗaya kuka yi, kuna kaiwa a yi muku fotokofi a unguwar Sharafiyya. Wa ta ɗinke su da zare da allura, ɗaya bayan ɗaya, har yatsunta suka yi kanta? Wa ta jera su a gefen tandar wainarta, 'yan dako suna zuwa da asuba suna ɗauka da hannu duk mai? Sunana bai taɓa hawa bango ba, ban kuma taɓa ƙorafi ba, amma yau ina neman a saurare ni da wannan haƙƙin.

Tun da kafilinka, wanda ya tsaya maka kan takardun zama, ya juya maka baya ka bar Jidda, shekara ashirin da biyu ke nan, Abduljalil bai sake zana shi ba. Cewa yake Mai Gammo na mutum biyu ne, hannu ba ya tafiya babu baki. A kan wannan magana Rahma ta tashi. Ita ce ta gaji hannunsa, yanzu tana aikin zanen alluna a wani shago a Sharafiyya, kuma duk littattafan nan ta haddace su tun kafin ta iya karanta boko sosai. Bayan rasuwar ta shige ɗaki kusan wata biyu, daga aiki sai zane. Abin da ta fito da shi ka ga kaɗan daga ciki: Mai Gammo ya tsufa, gemu ya yi fari, tasha ta cika da kwantena da injinan ɗaga kaya, babu mai neman ɗan dako. Sai ya koma ɗaukar tsofaffi marasa lafiya daga saman bene zuwa mota. Yana da 'ya mai amsa masa da Larabci in ya yi mata Hausa. A shafin ƙarshe ya sauke gammon, ya warware shi, ya shimfiɗa a bakin teku ya zauna, ya ce halas, shi ke nan, nan ne gida. Shafi shida kawai ta saka a waya, yaranmu na nan suka yi ta turawa juna har ya iso gare ka.

Ina zaune a gabanta lokacin da saƙonka ya shigo. Minti tara, Na'ibi. Ta ga sunanka ta yi murna, don ba ka taɓa aiko mata da murya ita kaɗai ba, har ta kira uwarta ta zo ta ji. Ka san Hausarta, tana ji amma a hankali, in aka yi sauri sai ta ɓace. Sau uku ta maimaita shi. Da farko fuskarta ba ta canza ba, tana ta ƙoƙarin kamo kalmomin. Daga baya ta juyo ta tambaye ni, wai Gwaggo mene ne cin amana, don ta ji Baffa ya faɗa har sau huɗu. Na yi shekara sittin da takwas a duniya, ban taɓa jin nauyin fassara kalma kamar ranar ba. Na so in yi mata ƙarya, Zubaidatu ta riga ni ta faɗa mata da Larabci. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta goge shafukan daga waya, ta tattara zanen ta zuba a akwatin ubanta, ta kawo mini makullin. Ta ce tunda babanta ya ce na mutum biyu ne, kuma saura mutum ɗaya, to maganar Baffa ita ce magana. Yau kwana goma sha tara ba ta taɓa alƙalami ba in ba na aikin shago ba. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ba zan ce maka Abduljalil zai yarda da abin da ta yi ba. Da yana raye da ya yi faɗa, wataƙila ma ya fi ka. Akwai ranar da ya ga ta zana Mai Gammo da furfura, ya rufe littafin ya ce jarumi ba ya tsufa. Amma ina so ka tuna da littafi na bakwai, wanda kuka sa Mai Gammo ya jefa mugun shugaban lebura cikin teku. Washegari Souleymane, abokin aikin Abduljalil, ya zo gaban tandata da mutum biyar, suka ce su ba su yarda ba, Mai Gammo ba ya kashe rai ko na azzalumi ne. Kun yi ta gunaguni cewa ku kuka ƙirƙire shi, ku kuka san halinsa. Me ya faru? A littafi na takwas kun sa ya yi nutso ya tsamo mutumin, kuma kai da bakinka ka ce ya fi kyau a haka. Tun ranar ya fita daga hannunku, ku ne dai ba ku lura ba. Wanda aka haifa aka sake shi cikin mutane ba ya zama yadda iyayensa suka tsara, ka duba 'ya'yanka ka gani.

Sannan ka dubi dokar taku da idon basira. Kun rubuta ta ne don mutanen da suka san ƙofar gidan da za su koma. Baba ya faɗi bana sai gida shekara talatin, a nan muka binne shi. Abduljalil ya gaje ta ya yi ta faɗa, shi da bai taɓa taka Haɗeja ba, ga shi kwance ba nisa da Baba. Yaran da suka yi ta tura zanen Rahma a nan aka yanke musu cibiya, a nan iyayensu suke kwance, kuma kullum ana tambayarsu daga ina suke. Wata yarinya mai suna Nuha ta rubuto wa Rahma cewa ta nuna wa kakanta shafin ƙarshe, tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar bawan Allah ya huta haka nan. Idan Mai Gammo ya ci gaba da tsayuwa da kaya a ka yana kallon teku, to ya zama jarumin matattu, mu kuwa da sauranmu a raye.

Na san abin da ke cin ranka, ƙanena, kuma ba dokar bango ba ce. A cikinmu duka kai kaɗai ne ka cika maganar nan. Ka tafi garin da ba ka sani ba sai a bakin Baba, suka yi shekaru suna kiranka Balarabe suna dariyar Hausarka, ka haƙura ka kafa gida. Yanzu ka ga Mai Gammo ya zauna a Jidda, sai ka ji kamar an ce wahalarka ta banza ce, ko kuma an rufe ƙofa an bar ka a waje. Ga kuma abin da ba ka faɗa ba a cikin minti taran: an hana ka biza, ɗan'uwanka ya yi jinya ya rasu ba ka gan shi ba. Wannan baƙin cikin na gaske ne, ni ma ina jinsa dominka. Amma ba Rahma ce ta jawo shi ba, marainiya ce da ta rasa uba wata huɗu da suka wuce.

Ga abin da nake roƙo. Masu shirya wani baje kolin zane a nan Jidda sun ba ta teburi, suna jiran amsarta kafin ƙarshen wannan wata. Ta ce in ba ka yarda ba za ta ba su haƙuri, kuma ba za ta sake zana shi ba har abada. Na san ta, jininku ce, in ta faɗa ta gama. Ba na cewa ka so abin da ta zana. Ka ce mata kawai ka sake shi, da bakinka, a hankali yadda za ta gane. In kuwa a'a ce, to ita ma kai za ka faɗa mata, ni ba zan sake zama tafinta ba.

Kafin ka yanke, ka buɗe takardar da na naɗe a cikin wannan. Na buɗe akwatin ba da saninta ba na ciro ta, Allah ya yafe mini. Ba ta cikin waɗanda aka saka a waya. Ban taɓa ba ka labarin yadda aka fitar da Abduljalil ba, don ban so in ƙara maka. A gida ya cika, a hawa na uku, kuma ka san matakalarmu, mutum biyu ba sa jerawa. Tsofaffin abokansa suka dage su za su sauko da shi, Souleymane da wasu biyu, kowa da ciwon bayansa. Mutum uku a kan makara mai kusurwa huɗu. A kwanar hawa na biyu ta karkata, sai da wani baƙo mai wucewa ya sa kafaɗa. Mu mata muna tsaye a sama, tunda ba ma zuwa maƙabarta, wannan ne ganin ƙarshe da Rahma ta yi wa ubanta. Shi ta zana. Za ka gane Souleymane da hularsa, za ka gane fasasshen bangon. A kusurwar gaba ta dama, inda baƙon ya tsaya, Mai Gammo ne da farin gemunsa, ya sa gammon a kafaɗa ya tallafe makarar. Tun lokacin da ta zana na tambaye ta me ya sa ta sa shi a wurin. Ta ce ai wurin Baffa ne, tunda an hana shi zuwa kuma ba ta san yadda fuskarsa ta koma ba, sai ta sa wanda ya ƙirƙira ya riƙe masa.

Ka gaishe mini da Sajida, ka ce mata turaren da ta nema yana hannun Hajiya Salamatou. Ka gai da Nuraddeen da matarsa Safia, da Zakiya da mai gidanta, da takwarata ƙarama, Allah ya raya mana su. Zubaidatu tana gaishe ku tana godiya da addu'o'i. Souleymane ma ya ce in gaishe ka. Rahma ba ta san na rubuto ba, amma na tabbata da ta sani da ta ce a gai da Baffa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, in ba a nan ba to a inda babu rabuwa.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Jamilatu