Kason Shu'aibu

Fatakwal, 14 ga Disamba, 2002

Yaya Kachollom,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya yara? Ni lafiya lau. Kamfani ya rage ma'aikata, yanzu ina da lokacin karatu har ya yi mini yawa. Ba zan zo Kirsimeti ba.

Na san kun jiƙa dawar burkutu. Kowace shekara abokina Shu'aibu ke kawo ta, ya yi mana wa'azi, sannan ya shanye zaƙin da muke ɗibar masa kafin ya zama giya. Tun rikicin Jos na bara bai tako unguwarmu ta Tudun Wada ba.

Ki ɗibar masa duk da haka, ki aika masa gida a Kwararafa. In ya mayar bai sha ba, kada ki gaya mini.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Davou