Kalmar Ƙasan Falle

Daga ƙanenka Alu a Tarka zuwa ga Yaya Mamman a Kano. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, gero ya yi.

Ka sha yabon wayon ƙanenka, to ga ƙari. Tun da na bar kasuwa na zauna karatun manyan littattafai wajen Malam, ba ɗalibin da ya kai ni iya zama. Ni na kama ɗakin da ke kusa da rijiya, ni na san mai tawada mai kyau.

Wani baƙo daga Agadas ya ara mana littafin fiƙihu mu juya, kowa ya rubuta nasa. Ka san kalmar nan da ake rubutawa a ƙasan kowane falle don a gane na gaba? Na ce ɓarnar tawada ce, na bar ta. Na riga kowa gamawa, ina yi musu dariya.

Ran Talata gafakata ta faɗo daga jaki, fallayen suka watse, na tattara da ka. A zaure, gaban dattawa, ina cikin karanta babin alwala sai na faɗa rabon gado. Malam ya ce, "Alu, mai alwalar rasuwa ya yi?" Wallahi har yau ban iya haɗa ido da shi ba. Baƙon kuwa ya bi ayari da littafinsa.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Inna da yara, kada Baba ya ji. Yanzu dole sai na ari na wani ɗalibi in jera nawa. Cikin waɗanda na yi wa dariya, wa kake gani zan fara gaisarwa?