Bel ɗin da na riƙe da hannu

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Ya jikin Nana? Mu muna lafiya, sai dai ruwa har yau shiru, geronmu na Kurawa ya ƙone.

Yaya, kin ji na karya haƙori a motar Kawu Isiya ran kasuwar Isa, amma ba ki ji gaskiya ba. Gaba ya sa ni, ya ce in ɗaura bel. Ban iya ba, kuma kunya ta hana ni ce ma babba ya nuna mini. Sai na jawo shi na riƙe da hannu cikin hijabi. Wata ramammiyar saniya ta faɗi tsakiyar hanya, ya taka birki, bakina ya bugi gaban mota.

Baba ya ce Kawu bai kula da ni ba, har ya daina amsa gaisuwarshi. Kawu bai kare kanshi ba. Jiya ma ya aiko mini da nono, na kasa sha.

Za ni faɗa ma Baba gaskiya ran Juma'a. Ki yi mini addu'a bakina ya buɗe. Ki gaida Inna Tumba.

Ƙanwarki,
Saratu