Sandar Bahijja

Tudun Wada, Zariya

Suhaibu jikana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Saratu maƙwabciya nake faɗa wa tana rubutawa, na ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Bahijja ƙanwarka ta nuna mini abin da ka ƙera a waya. Wai ku biyar har da ita malaminku ya haɗa ku rubuta manhaja, kai kuma ka yi abin da zai nuna aikin kowa, kowa da sandarsa a zane, tsawonta gwargwadon aikinsa. Na ga taka har ta kusa fita daga gilashin, tata kuwa ko tsawon ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Yanzu wai ranar Alhamis malamin zai cire sunanta, ta maimaita shekara.

Kai Suhaibu, ka ji tsoron Allah! Wata uku yarinyar nan tana zaune gindin dalbejiyarmu tana danne-danne, tuwo ya huce a gabanta, ina faɗa. A kan me take yi? A kan tsohuwar kwamfutar da ka ba ta. Saratu ta duba, sunanka ne a ciki har yau, ba ka cire ba. Duk abin da ta tura, sandarka yake ƙara wa tsawo. Ba ka yi mamakin tsawon ba? Ko daɗi ne ya hana ka tambaya?

Ita kunyar yaya ta hana ta buɗe baki, sai kuka. Ni na yi surfen biki da mata goma a turmi uku, ba wadda aka taɓa ba ladar taɓaryar wata.

Ka je wurin malamin kafin Alhamis.

Kakarka,
Inna Talatu


Suhaibu,

Ina gaishe ka, ya karatu?

Na ji ka je, ka raba aikinta da naka a gaban malam da abokanka. Bahijja ta ce sunanta ya zauna, taka sandar kuma ta dawo ta huɗu, har abokinka Ugochukwu yana yi maka dariya. To, ka sha dariyar, ba ta kisa.

Amma ban huce ba. Saƙon waya ka turo mata, wai ta yi haƙuri. Daga makarantarku ta Kongo zuwa nan tafiyar kwana ce? Ka tako da ƙafarka ranar Juma'a, ka faɗa mata a gabana. Sai a lokacin zan amsa gaisuwarka.

Allah ya shirye ka.

Kakarka,
Inna Talatu