Rubutun Fensir a Gefen Shafi

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa daga Minna. Yaya jikin Baban Dauda, yaya yara?

Littafin Turancin da kika aiko ya iso. Da can, in kalma ta gagare ni sai na buɗe ƙamus, kafin in dawo na manta labarin. Har na kusa barin ajin manya. Amma ma'anonin da kika zauna kika rubuta da Hausa a gefen shafi sun sa jiya na karance labari guda ban ɗaga kai ba. Da uwar cikin labarin ta rasu, sai hawaye. Maigidana ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ganewa na yi."

Allah Ya saka miki. Ki sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Asabe