Shafin Man Gyaɗa ko Shanun Huɗa

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya iyali, ya zaman Abijan? Mu nan Matamaye sai haƙuri.

Ka ce in buɗe wa man gyaɗarmu shafin intanet. Na gwada shiryayyen shafin nan mai araha, amma ba ya barin mutum ya saya sai ya rubuta titi da lambar gida. Masu sayen manmu na Kurni fa ba su da lambar gida, a tasha muke ba direba saƙonsu! Wani a Damagaram zai gina mana namu, amma sai mun sayar da shanun huɗa. Baba ya ce, "A sayar, tunda ciniki ya mutu." Ko dubana bai yi ba.

Gai da Hajara da yara, ku sa mu a addu'a. Damina ta ƙarato, Yaya. Da me za mu noma gyaɗar?

Ƙanwarka,
Rabi