Tagar Yaya Subhiyya

Lahadi, 3 ga Maris
Namiji. Rula, matar ɗana Nizar, ta sauka lafiya, kuma sunana zai ci: Fauzi. Na raba kunafa, alawar garinmu, a unguwa, har mahaucin da ba ma ga maciji ya samu. Da hannuna na rubuta sunan. Karatun dare da na yi da furfura bai tashi a banza ba.

Alhamis, 7 ga Maris
Jariri na son ɗakin da rana ke shiga, wato na Yaya Subhiyya. Bara waccan muka ɗauko ta daga ƙauye zuwa nan Akka, muka sa gidan da sunanta, don ana yafe wa makafi kusan duk arnona, harajin gidan nan da ke cinye mu. Yau mun mai da ita ƙarƙashin bene. Na ce, "Yaya, me makauniya za ta yi da taga?" Nizar dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ina jin ranar a fuskata, Fauzi." Rigimar tsufa.

Talata, 19 ga Maris
Jariri ya damƙe yatsana. Wannan zai ja komar kamun kifi kamar kakansa. Yaya na tari, Rula ta ce kada ta taɓa shi. Gaskiyarta.

Asabar, 6 ga Afrilu
Mun kai Yaya gidan tsofaffi a Nazarat. Nizar ya ce, "Baba, a bar rigunanta da tsohuwar sandarta a nan. Gwaggo ta tafi, sunanta ya zauna." Yaron nan akwai kai.

Litinin, 22 ga Afrilu
Jibi mai duba gidaje zai zo daga hukumar gari. Sai an aro Yaya.

Laraba, 24 ga Afrilu
Mun zaunar da ita a ɗakin rana, muka ɗora mata yaron a cinya don abin ya yi kyan gani. Yau ta fara taɓa shi. Ta bi fuskarsa da yatsu, ta ce, "Hancin Babanmu." Mutumin ya ce, "Hajiya, nan kike kwana?" Ta ce, "Gidana ne, ɗana. Ba ka ga tagata ba?" Ya sa hannu. Bai tayar da mota ba Rula ta karɓe yaron ta goge masa fuska. Yaya ta ce, "An gama da ni? A mai da ni kafin su kwashe abinci." Gahawarta ta huce a wurin.

Juma'a, 3 ga Mayu
Ragi ya tabbata, Nizar ya kawo nama. Ban ci ba, na je Nazarat; tsofaffi rabin kuɗin mota suke biya, shi ya sa. Na tarar da kujerarta tana kallon bango, na yi ta faɗa da ma'aikaciya har aka ja ta bakin taga. Na ce mata yaro ya fara murmushi. Ta ce, "Matsa, ka tare mini rana."

Na matsa. Ban fito ba sai da rana ta faɗi.